Randunan da Wuta Ba Ta Taɓa Ba

"Ba ta baki ake kamawa ba, Direba. Ta gindi. Ka ɗauka buhun siminti ne?"

Direba ya cire hannu daga bakin randar, ya durƙusa ya rungumo ta daga ƙasa. Muryar Iya Maginiya ce ke fitowa daga ɗaki. Ciwo ya cinye rabin muryar, amma bai taɓa kaifinta ba. Tana kwance a kan katifa, an naɗe labule sama don ta riƙa ganin tsakar gida. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska na kwasar ledoji tana wurgi da su, ga randuna uku jere a gindin katanga, ɗanyu, ba a kai ga ƙona su ba. Yayyafi kaɗan ya isa ya mai da su laka.

Ya kai ta farko ɗakin aikinta yana nishi, ya dawo da sassarfa. Matarsa, Mai Ɗinki, ta riƙe masa ƙyauren kwanon da iska ke bugawa.

"A hankali, Malam," in ji ta. "In ka fasa, ni dai ban san ka ba."

"Ke dai matsa mini in wuce."

Yana ajiye ta ukun ruwa ya kece. Ya tsaya a cikin ɗakin aikin yana kakkaɓe ƙirjin rigarsa da ya rine ja, yana kallon abin da ya ceto. Kowace randa ta kai masa ƙugu. Iya ta shafe su da jar ƙasar da take niƙawa da kanta, ta goge da santsin dutse har suna sheƙi, sannan ta bi wuyansu da zane na farar ƙasa: layuka masu lanƙwasa, da ɗige-ɗige, da wasu ƙananan ƙugiyoyi masu bin juna. Kowane zane da sunansa a harshen mutanenta. Mutane kan zo daga nesa su sayi randunanta, ba don zuba ruwa ba, sai don su ajiye a falo su yi ta kallo, abin da ke ba Iya dariya har ta ƙware.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, kuma tun da Direba ya tare a layin a nan ya same ta. Ba shi kaɗai ba, kowa ma a nan ya same ta. Mutanenta ne suka fara zama a bakin rafin da ke bayan gari, da harshensu da sana'arsu, tun ba a yi mafarkin kwalta ba. Gari ya zo ya zagaye su, ya haɗiye su kaɗan-kaɗan, har ya zama duk unguwar ba mai amsa wa Iya gaisuwa da harshen uwarta. Shi ne ke kai mata ƙonannun randuna wurin masu saye a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Ya sha ce mata ta bari ya riƙa kwaso mata yumɓu, lodi ɗaya ya ishe ta shekara. Ta ce a'a, abin da kanta ba zai ɗauka ba, ba rabonta ba ne. Da sassafe take fita da kwano da gammo da 'yar fartanya, ta dawo wuyanta na rawa, kuma ba ta taɓa ce wa kowa a layin ya raka ta ba. Direba ya daɗe da yanke cewa wannan taurin kan tsofaffi ne kawai.

Da ruwa ya tsagaita, Iya ta aiki Mai Ɗinki ta dafa mata shayi, ta yafito Direba da yatsa.

"Zauna."

Zama shi ne abin da Direba bai iya ba. Mutum ne da ko dubiya ya je, sai ya tashi ya buga ƙusar da ta fito a jikin ƙofa. Ya ɗosana a kan 'yar kujera, gwiwarsa na rawa, makullin mota na juyawa a yatsansa.

"Randunan nan uku," in ji Iya, "ba zan ƙona su ba."

"Za ki ƙona, Iya. Ke dai ki samu sauƙi, ni zan tara miki itace."

"Kada ka yi mini maganar asibiti. Na san inda nake." Ta tsaya ta nemi numfashi. "A wurinmu, hannun da ya gina shi ke ƙonawa. Kafin wuta ta taɓa yumɓu, na ƙasa ne, a hannunka dai yake. In mai ginin ta tafi ba ta ƙona ba, akan mayar. Inda aka ɗebo nan ake mayarwa, ba wani wuri ba. Haka na yi wa uwata, haka ta yi wa tata."

"Waɗannan, Iya? Ai ba ki taɓa yin masu kyansu ba."

"Shi ya sa nake gaya wa mai ƙarfin baya. Za ka mayar?"

Bakin Direba ya saba riga kansa isa wuri. "Zan mayar," ya ce. Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. "To ina wurin yake?"

"Auta ta sani."

"Auta?"

"Ko bakinta ya ce ta manta, ƙafarta ba ta manta ba." Ta lumshe ido, ta juya fuskarta bango.

Ya fito daga ɗakin kamar wanda aka ɗora wa kaya ba a gaya masa inda zai sauke ba. Auta ita ce 'yar Iya, ita kaɗai ta rage mata cikin 'ya'yanta. Tana aiki a kantin magani a wani gari mai nisa, mace mai farar riga da yankakken farce. Duk layin sun san labarinta. Tana ƙarama ita ke bin uwarta ɗebo yumɓu kafin ta tafi makaranta, yara su yi ta nuna jan da ke ƙarƙashin farcenta suna kiranta 'yar rami. Ranar da ta samu hanyar barin gari, ta rantse ba ita ba laka har abada. Tana son uwarta, tana aiko mata magani da zannuwa, tana kiranta a waya, amma da Iya ta soma zancen yumɓu sai layi ya lalace. Wannan ce za a ce ta nuna hanyar rafi.

Don haka washegari Direba ya ce zai nemo wurin da kansa. Ya tada mota, ya bi hanyar bayan gari har inda kwalta ta ƙare. Rabonsa da wajen ya daɗe, sai ya tarar an yayyanka filayen an kewaye da bulo, masu yashi da masu bulo sun fafake gaɓar rafin. Ramuka ko'ina, wani ya isa ya haɗiye gida, wani ya cika da koren ruwa. Ya shiga wannan ya fita, ya zame a wancan ya tashi, yana gutsuro ƙasa yana zubawa a leda. Duk ja ce a idonsa. Ya dawo da yamma wandonsa kaca-kaca, ya baje wa Iya abin da ya samo a kan tire.

Ta buɗe ido ɗaya. Ta murza ɗaya tsakanin yatsunta, ta sake shi ya zube.

"Wannan ko kaskon kaji ba zai yi ba. Ka daina ƙona manka."

"To ki kwatanta mini mana, Iya. Ta ina ake bi? Akwai wata bishiya, ko wani dutse?"

"Ba a faɗar sa da baki. Yau ka faɗa, gobe tifa ta iso." Ta yi tari mai tsawo. "Na ce maka Auta."

Bai haƙura ba. Ya sake komawa, ya kuma sake. A gida ba ya gama cin abinci, sai ya tashi da loma a hannu ya leƙa ta katanga ya ga ko ƙyauren ɗakin aikin na rufe. In ya hango gajimare, sai ya haura da leda ya duba rufin ko yana yoyo. Mai Ɗinki ta gaji, ta tsayar da kekenta.

"Malam, ka kira yarinyar nan ka gaya mata gaskiya. Kana ta kewaya kamar kazar da za ta yi ƙwai."

"In ce mata me? Ki zo ki taya ni zubar da aikin uwarki?"

"Ka ce mata uwarta na tafiya. Wannan ai ya isa kira."

Ya kira Auta, amma rabin gaskiyar ya faɗa. Ya ce jikin Iya ya yi nauyi, ta taho. Zancen randuna kuwa bai taɓo shi ba.

Auta ta iso da jaka ɗaya da kwalin magunguna. Ta gaida shi a ƙofar gida, "Kawu, mun same ku lafiya? Allah ya saka da alheri," ta wuce ciki da sauri. Ta canza zanen gado, ta goge wa uwar jiki, ta jera kwalabe a kan taga bisa tsari. Iya na kallon ta. Direba ya yi ta jiran tsohuwar ta buɗe baki ta gaya wa 'yarta da kanta, ta sauke masa. Ba ta yi ba. Da idonsu ya haɗu sai ta kau da kai, shi kuwa ya ji haushinta ya kama shi, ya kuma ji kunyar jin haushin mara lafiya.

Da hantsi Iya ta tafi, a rana mai haske, yara na makaranta, layin ya yi tsit. Direba na tsakar gida yana kai da kawowa, yana jiyo su ta ƙofa. Iya ta kama hannun Auta, tana juya shi, tana danna tsokar tafin da babban yatsanta yadda take gwada yumɓu. Sai ta soma magana da harshen mutanenta, a hankali, magana mai tsawo, ba irin ta mai ruɗewa ba.

"Inna, ki faɗa yadda zan ji," in ji Auta. "Inna, ban gane ba."

Iya ta ci gaba. Auta ta waiwayo, ta ga Mai Ɗinki zaune a gefen katifa, ta hango Direba a bakin ƙofa.

"Gwaggo, me take cewa? Kawu?"

Ba wanda ya sani. Duk shekarun da suka yi katanga ɗaya, ko kalma ɗaya ba su riƙe ba. Direba ya koma tsakar gida ya tsaya gaban murhun da Iya ke ƙona randuna, yana kallon tsohuwar toka. Can Mai Ɗinki ta fito tana share ido da bakin mayafi.

"Malam, Iya ta cika."

Ya yi salati. Baƙin ciki ya sauko masa, don ya so tsohuwar nan da masifarta duka. A ƙarƙashin baƙin cikin kuma akwai tsoro. Ta tafi ta bar shi da alkawari, kuma mai makullin alkawarin tana ciki tana kuka, ba ta ma san da shi ba.

Aka yi jana'iza, aka kai ta makwancinta. Masu gaisuwa suka zo suka watse. Direba ya ɗauko benci, ya mayar da benci, ya kai wannan tasha, ya ɗauko wancan, duk don kada ya tsaya wuri ɗaya da Auta. Amma gida ɗaya ba ya ɓoye randuna uku. Wata safiya ta aiko a kira shi, ya same ta a ɗakin aikin, tsaye a gabansu, hannuwanta a bayanta kamar mai tsoron taɓawa.

"Kawu, ka san duk gidan nan ba abin hannunta ko ɗaya? Na duba. Duk wanda ta ƙona ya tafi gidan wani. Ko tukunyar da take dafa ruwa ta ƙarfe ce." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Sai waɗannan. Na yi magana da wani malami a makarantar koyon zane, suna da tanderun lantarki na gasa yumɓu. Ya ce in kawo. Za ka kai mini gobe?"

Direba ya dubi rufi, ya dubi takalminsa. Ya ce bari ya duba tayar baya, tana sacewa. Ya fita har ƙofar gida, ya ga matarsa tsaye ta naɗe hannu tana kallonsa, ya juyo ya dawo.

"Auta, akwai magana."

Ya faɗa mata duka, a hargitse, ƙarshe kafin farko. Ya faɗi ranar hadarin, da alkawarin, da yawon da ya yi a ramuka. Tana sauraro fuskarta na canzawa.

"Kai ta gaya wa."

"Ni ta gaya wa."

"Ina zaune a gabanta, ina goge mata baki, ba ta ce mini komai ba. Kai ta bar wa wasiyya, ni ta bar mini maganar da ban ji ba." Ba ta ɗaga murya ba. "Ƙasar nan me ta rasa, Kawu? Ka je ka gani da idonka, tifa-tifa ake kwashe ta kullum, ba wanda ya mayar da ko cokali. Sai na uwata ne za a mayar?"

Shi ma ya yi wannan tunanin a cikin ramukan. Mai Ɗinki ta shigo, ta dafa kafaɗarta.

"Akwai wadda Iya ta yi mini shekarun baya, ƙonanniya, tana ɗakina. Ki ɗauka, taki ce."

"Ke ta yi wa, Gwaggo. Waɗannan su ne na ƙarshe." Ta juyo wurin Direba. "Kuma wurin, na manta shi. Ko ban manta ba, ba zan je ba."

Ranar Direba ya wanke motarsa da ba ta bukatar wanki, ya kwance batir ya ɗaura. Yana ganin gaskiyar yarinyar ƙarara. Marainiya ce ke neman abin da za ta riƙa kallo, shi kuma wane ne da zai hana ta? Amma da ya tuna yadda tsohuwar ta ce "Za ka mayar?" sai ya kasa sakin alkawarin. Ya yi tunanin ya kwashe su a ɓoye ya jefa a kowane rami, ya san wannan cin amanar su biyun ne a lokaci ɗaya. Kafin rana ta faɗi ya je ya tsaya a ƙofar Auta.

"Kayan uwarki ne, ba zan yi kokawa da ke ba. Gobe zan loda, inda kika ce nan zan bi. Amma in tanderun ne, ki nemi mai saukewa. Hannuna ba zai sauke ba."

"Na ji," ta ce.

Da safe suka shimfiɗa tsohuwar katifar Iya a bayan mota, suka tsayar da biyu a kai, suka cusa tsummoki tsakaninsu, ya ɗaure da igiya. Ta ukun wuri bai ishe ta ba, sai Auta ta ce za ta riƙe ta a gaba. Ta zauna randar na tsakanin gwiwoyinta, farar rigarta na gogar jan. Direba bai taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Kowane rami sai ya kusan tsayawa, na baya na ta danna masa oda.

Da motar ta yi wata girgiza, Auta ta zura hannu cikin randar don ta tallafe ta. Ba ta fitar da shi ba. Ya ga tana shafa cikin a hankali, daga ƙasa zuwa sama.

"Waje ta goge sumul," ta ce, kamar da kanta take. "Ciki ba ta goge ba. Ga sawun yatsunta nan, layi-layi."

Ya mai da ido kan hanya. Suka wuce masu gyaran taya, suka wuce gidan mai.

"Da kakata ta rasu, ni na raka Inna ta mayar da na kakar," in ji Auta. "Ina ƙarama. Akwai wani ɗan tulu da ta ɓoye a ƙarƙashin gado, ta ce wannan kam ba za ta bayar ba. Ya daɗe a nan. Wata safiya ta tashe ni, ta ɗauko shi, muka tafi. Tana tafe tana kuka. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar." Ta ja hanci. "Ta san in ni ta gaya wa, zan ce a'a a gabanta, mu rabu da faɗa. Shi ya sa ta sa ka a tsakiya, Kawu. Inna ke nan."

Mararrabar na matsowa. Miƙewa makarantar ce, hagu hanyar bayan gari. Direba ya rage gudu har injin na neman mutuwa. Ya riga ya sa kai zai miƙe.

"Yi hagu," ta ce.

Inda kwalta ta ƙare ta ce ya tsaya, mota ba ta wuce nan. Ta sauka, ta zare ɗankwalinta na ciki, ta murɗa shi ta naɗe gammo tun kafin ta lura da abin da hannunta ke yi. Ya ɗora mata randar a ka. Ta yi tangaɗi sau ɗaya, wuyanta ya samu daidai, ta kama hanya. Ya rungumi ta biyu ya bi ta, galan ɗin ruwan lagireton mota na rataye a kafaɗarsa, don ta ce za a bukaci ruwa.

Ba ta bi ta wajen ramukan ba. Ta bi bayan wata doguwar katangar bulo da ba ta san da ita ba, ta tsaya, ta koma baya, ta yi tsaki. Ta sake gwadawa ta wani lungu tsakanin katanga da ƙaya. Direba na bayanta yana haki, hannuwansa sun sage, yana addu'a kada ya yi tuntuɓe. Sau biyu ta ce, "Ba nan ba ne," har ya fara cire rai. Sai ƙasa ta soma gangarawa, ta daina magana, tafiyarta ta yi sauri. Suka ɓullo wani ɗan fili a gaɓar rafin, inda ruwa ya yi kwana, ciyawa ta rufe shi shar.

"Nan ne."

Direba ya sauke randar, ya duba gabas ya duba yamma.

"Ina ramin?"

"Wane rami? In ta ɗebo, takan cike da ƙasar sama, ta mayar da ciyawar yadda ta same ta."

Ya tsaya baki buɗe. Ta nan ya wuce a yawonsa na farko, har ya taka wurin, bai ko waiwaya ba. Rami yake nema. Mace ta yi rayuwarta tana ɗiba a nan, da uwarta, da uwar uwarta, kuma da akuya za ta zo kiwo ba abin da zai kama mata ƙafa.

Ya koma ya ɗauko ta ukun da fartanyar Iya. Kafin ya dawo Auta ta cire takalmi, ta durƙusa tana ɗaga ciyawar faifai-faifai da hannu, tana jingine ta gefe. Ya haƙa inda ta nuna. A ƙarƙashin baƙar ƙasar sai ga yumɓun, ja mai duhu, mai danƙo, bai yi kama da ko ɗaya daga abin da ya kwaso a leda ba. Suka zaunar da ta farko, ya tuttula ruwa a hankali. Da fari ba abin da ya faru, har ya ɗauka ba za ta narke ba. Sai farin zanen ya soma zirarowa, wuyan ya karkace, ta durƙushe cikin kanta ba ƙara. Ta biyu ma haka. Ya gangara rafi ya ciko galan.

A kan ta ukun Auta ta tsaya. Ta zaunar da ita a ramin, amma ba ta saki ba. Direba na riƙe da galan, ruwa na ɗiga a ƙafarsa.

"Auta, in kina so mu koma da wannan..." Bai san ƙarshen maganar ba, bai kuma san ko yana da ikon faɗar ta ba.

"Zuba, Kawu."

Ta zura hannunta ciki har kafaɗa, ta ɗora yatsunta a kan sawun na uwarta. Ya zuba. Ruwan ya bi bayan randar, ya taru a gindi, ya rine. Ta sunkuyar da kai, kumatunta a kan bakin randar, tana jin yumɓun na laushi a tafinta. Gefe ɗaya ya buɗe, sannan ɗayan. Ba ta motsa ba har sai da ba abin da ya rage a kewaye da hannun, yana nan a buɗe cikin jan ruwa, yatsun a ɗan lanƙwashe.